Gyambon harshe mai kama da cutar kansa amma ba ita ba: tambayoyi da amsoshi

Akwai wani gyambo da ke fitowa a cikin baki, galibi a harshe, wanda ko likitan da ya daɗe yana aiki in ya gan shi sai ya tsaya ya sake dubawa, saboda kamanninsa duk irin na kansar baki ne. Yana da zurfi, gefensa ya tasa kuma da tauri, yakan shafe makonni ko watanni bai warke ba. Amma ba kansa ba ne, kuma ba ya kisa. Likitoci na kiransa TUGSE a taƙaice, wasu kuma su ce gyambon iyosinofil. Ba kasafai ake samunsa ba, shi ya sa mutane ƙalilan ne suka taɓa jin labarinsa. Ga tambayoyin da mai irin wannan gyambo ko danginsa kan yi, tare da amsoshinsu.

Wane irin gyambo ne wannan?

Miki ne da ke cin fatar cikin baki ya nutsa har cikin tsokar da ke ƙarƙashinta. In aka yanki ɗan yanki aka duba a madubin likita, sai a tarar wurin ya cika da ƙwayoyin garkuwar jiki iri-iri, musamman wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil. Waɗannan ƙwayoyi an fi saninsu da yaƙi da tsutsar ciki da kuma shiga lamarin asma da borin jini, don haka ganinsu jibge a tsokar harshe abu ne da ke jan hankalin mai awo.

Tarihinsa ya soma ne daga jarirai. Wani likitan Italiya, Antonio Riga, ya bayyana shi a harshen jarirai a 1881, sannan Francesco Fede ya yi bayanin yadda tsokar take a madubi a 1890. Shi ya sa har yau nau'in da ke kama jarirai ake ce masa cutar Riga-Fede. Na manya kuwa Popoff ne ya fara bayyana shi a 1956. A 1970 Shapiro da Juhlin suka ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, sai Elzay ya ba shi sunan da aka taƙaita zuwa TUGSE a 1983.

Yaya zan bambanta shi da ƙurajen baki na yau da kullum?

Ƙurajen baki da kowa ya sani, waɗanda kan fito bayan zazzaɓi ko lokacin gajiya da damuwa, ƙanana ne, yawanci ba su kai santimita 1 ba. Ba su da zurfi, suna da zafi sosai in gishiri ko yaji ya taɓa su, kuma cikin kwana 7 zuwa 14 sun tafi. Sukan fito biyu ko uku, su tafi, su dawo wani lokaci.

Wannan kuwa galibi ɗaya ne tilo. Mutum in ya tsaya gaban madubi ya fito da harshensa ya karkata shi gefe, zai ga rami mai ɗan faɗi, cikinsa lulluɓe da wani abu fari-fari ko rawaya-rawaya kamar gansakuka, gefensa ya tasa ya kewaye shi, wani lokaci da farin zobe a bakin ramin. In ya sa yatsa mai tsabta ya latsa gefen, zai ji tauri, ba laushin da sauran harshe ke da shi ba. Girmansa kan kama daga 'yan milimita zuwa santimita biyu ko fiye. Yakan tashi da sauri cikin 'yan kwanaki, daga nan sai ya tsaya cik, ba ya ƙaruwa sosai, ba ya kuma warkewa.

Maganar zafi ba abin dogaro ba ce. Wasu yana hana su cin abinci da magana, wasu kuma ba sa jin komai sai in abinci ya goge shi.

Fiye da rabin masu shi a harshe yake fito musu, a gefe ko a ƙasa ko a bisa. Sauran kuma a cikin kunci, ko leɓe, ko dasashi, ko ganɗa.

Me ke kawo shi?

Abin da aka fi zargi shi ne rauni: cizon harshe, ko gogar haƙorin da ya karye ya bar kaifi, ko haƙorin roba da bai zauna daidai ba, ko ƙarfen gyaran haƙora. Turmin ƙasa da ya rube ya fashe shi ne babban mai laifi, domin gefen harshe a jikinsa yake kwana, kuma duk magana ko tauna sai ya goge shi. Mai farfaɗiya da ke cizon harshe in ciwon ya tashi, shi ma yana cikin waɗanda abin kan samu. Tun a 1964 wasu masu bincike biyu, Bhaskar da Lilly, suka nuna cewa in aka murƙushe harshen ɓera ana samun miki mai irin wannan kama a madubi.

Sai dai rauni kaɗai bai isa ya bayyana komai ba. Waɗanda ke iya tuna wani rauni da suka ji kafin gyambon ya fito ba su kai rabi ba. Ban da haka, kowa na cizon harshensa, amma kusan kowa yana warkewa cikin 'yan kwanaki. Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne, raunin yana buɗe ƙofa ne kawai, wani abu kamar ƙwayar cuta ko guba ya shiga tsoka, garkuwar jiki ta taso da ƙarfi fiye da kima, sannan ta kasa kwantawa. Akwai kuma binciken da ya nuna cewa iyosinofil ɗin da ke cikin irin wannan miki ba sa fitar da wasu sinadaran da ke taimaka wa rauni ya haɗe, waɗanda sukan fitar a raunin da ke warkewa lafiya. Wannan na iya zama dalilin da ya sa yake jan lokaci.

Ba rashin tsabta ke kawo shi ba, ba kuma abinci ba.

Su wa ya fi kamawa?

Rukuni biyu. Jarirai 'yan ƙasa da shekara 2, da kuma manya, musamman daga shekara 40 zuwa sama. Maza da mata duk yana kama su. Matsalar ita ce, shekarun da ya fi kama manya su ne kuma shekarun da kansar baki ta fi fitowa, wurin da ya fi so, wato gefen harshe, shi ne kuma wurin da kansar ta fi so.

Jaririna yana da miki a ƙasan harshe, kuma da haƙori aka haife shi. Shi ne wannan?

Mai yiwuwa ne ƙwarai. Ana samun jaririn da ake haifa da haƙori, ko haƙorin ya fito masa cikin kwana 30 na farko, kusan ɗaya cikin haihuwa 2,000 zuwa 3,500. Galibi haƙoran gaba na ƙasa ne. Jariri in yana shan nono yakan turo harshe gaba ya ɗora shi kan dasashin ƙasa, to in akwai haƙori mai kaifi a wurin, duk tsotso sai ya yanki ƙasan harshen. Uwa takan lura yaron ya kama nono ya saki da kuka, ya ƙi tsotsa, wani lokaci ta ga jini a yawunsa, ita ma kan nonon ya yi mata rauni. Haka kan faru ga yaro mai wata 6 zuwa 8 lokacin da haƙoran farko ke fitowa.

Haɗarin a nan shi ne yunwa da ƙarancin ruwa a jiki, domin yaron da baki ke masa ciwo ba ya shan nono yadda ya kamata, nan da nan sai ya rame. Likitan haƙori yana iya goge kaifin haƙorin, ko ya lulluɓe shi da abin cike haƙori. In haƙorin yana girgiɗi sosai har ana tsoron ya fita yaro ya shaƙe shi, sai a cire. Ga jaririn da bai kai kwana 10 ba, likita zai tabbatar an yi masa allurar bitamin K kafin a cire, saboda jinin sabon haihuwa bai gama iya daskarewa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a kai yaro wurin wanzami a ce ya fizge haƙorin. Kuma yawancin irin waɗannan haƙora su ne haƙoran nono na ainihi da suka yi gaggawar fitowa, don haka in ana iya barinsu, barinsu ya fi.

Haihuwar yaro da haƙori ba alamar wani mugun abu ba ce, duk da camfin da ake yi a wasu gidaje. Amma in yaro ya girma kaɗan yana ta cizon harshensa har ya yi miki kuma bai nuna yana jin zafi ba, a kai shi wurin likitan yara, domin wani lokaci hakan alama ce ta larurar ƙwaƙwalwa ko ta jijiyoyi.

Ba cutar noma mai cin fuska ba ce?

A'a, kuma ya kamata iyaye su san bambancin, don noma ba ta jira. Ita tana kama yara ne galibi 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Daga dasashi take somawa, da wari mai ƙarfi da kumburin kunci, kuma cikin 'yan kwanaki take cinye nama ta huda fuska. In ba a yi magani ba tana kashe mafi yawan yaran da ta kama. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Yaro mai warin baki, dasashi na jini, kunci ya kumbura, ranar nan za a kai shi asibiti.

Ana ɗaukarsa daga wani?

Ba a ɗauka. Cin abinci a kwano ɗaya, shan ruwa a moɗa ɗaya, zaman aure, babu wanda ke yaɗa shi. Ba a kuma gadonsa.

Kwana nawa zan jira kafin in je asibiti?

Duk gyambon bakin da ya cika mako 2 bai nuna alamar warkewa ba, a nuna wa likita. In ya kai mako 3, maganar jira ta ƙare. Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idarta ta 2015, ta ce duk gyambon bakin da ba a san dalilinsa ba kuma ya wuce mako 3, a tura mai shi wurin ƙwararre bisa zargin kansa, a gan shi cikin mako 2.

Akwai alamun da ba a jira ma mako biyun ya cika: kaluluwa mai tauri a wuya ko ƙarƙashin haɓa, harshe ya yi nauyi ko ya ƙi juyawa, wani sashe na baki ko leɓe ya mutu ba a jin taɓi, wahalar haɗiya, ciwon kunne a gefen da gyambon yake, haƙori ya fara girgiɗi ba dalili, ko rama. Mai shan sigari, ko mai cusa garin taba a leɓe, ko mai shan giya, shi ya fi kowa bukatar gaggawa.

In likita ƙwararre ne, ba zai gane shi da ido kawai ba?

Ba zai iya ba, kuma wanda ya ce zai iya, a yi hattara da shi. Gefe mai tauri da ya tasa, rami mai zurfi, daɗewa ba warkewa, gefen harshen mutum mai shekara 50: wannan shi ne hoton kansar baki a kowane littafin koyon likita, shi ne kuma hoton TUGSE. Akwai 'yan alamun da kan sa likita ya yi zaton mai sauƙin ne, kamar saurin tasowarsa, da ganin haƙori mai kaifi daidai saitinsa. Amma kansa ma tana fitowa kusa da haƙori mai kaifi, domin karyayyen haƙori ba abu ne mai wuyar samu a bakin dattijo ba.

Abin da likita kan yi shi ne, in ya ga abin da ke gogar wurin, ya kawar da shi, ya goge kaifin ko ya cire haƙorin, ya ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14. In mikin ya warke sarai, shi ke nan. In bai warke ba, ko ya ragu kaɗan ya tsaya, sai a yanki tsoka a kai awo. In kuwa tun farko kamanninsa sun tayar da hankali, ba a ma jiran wannan.

A ganina, nan ne shafi irin wannan ke iya cutar da mai karatu in bai yi hankali ba. Mutum ya karanta cewa akwai gyambo mai kama da cutar kansa wanda ke warkewa da kansa, sai ya ce ai nawa ma shi ne, ya zauna a gida. Lissafin bai goyi bayansa ba: kansar baki ta fi wannan gyambo yawa nesa ba kusa ba. Babu wanda ake ce wa yana da TUGSE sai bayan sakamakon awon tsoka ya fito.

Ban da kansa, me kuma zai iya zama?

Tarin fuka na iya fitar da gyambo a harshe, galibi ga mai ciwon a huhu, kuma a ƙasashenmu da tarin ya yi yawa dole likita ya sa shi a lissafi, ya tambayi tari, zufar dare da rama. Tunjere ma na fitar da miki mai tauri marar zafi a leɓe ko harshe, kuma gwajin jini ke nuna shi. Akwai cututtukan fangas masu shiga jiki, musamman ga mai ƙanjamau ko wanda garkuwarsa ta yi rauni. Akwai kansar ƙwayoyin garkuwa da ake kira limfoma. Wasu magunguna ma na haddasa gyambon baki mai zurfi, irin su methotrexate da ake ba masu ciwon gaɓoɓi, da nicorandil na ciwon zuciya.

Sannan akwai wani ɗan'uwansa a wajen ruɗa likitoci, wanda aka fara bayyanawa a 1973. Shi a ganɗa yake fitowa, idan jini ya yanke wa ƙananan gland, wato 'yan ƙulle-ƙullen da ke samar da yawu, da ke wurin, naman ya mutu ya zube ya bar rami. Shi ma ba kansa ba ne, yana warkewa da kansa cikin mako 4 zuwa 10, amma ko a madubi yakan yi kama da kansa, har an taɓa yi wa mutane babbar tiyata a kansa bisa kuskure.

Yaya ake yankar tsokar? Da zafi?

Aiki ne na 'yan mintoci, a kan kujerar likitan haƙori, ba a sa mutum barci. Za a yi allurar kashe zafi a kewayen wurin, ita ce kawai ake ji. Mataimaki zai riƙe harshen da ƙyallen bandeji don kada ya zame. Likita zai yanki ɗan yanki kamar ƙwayar wake ko ƙasa da haka, ya ɗinke da zare biyu ko uku, a ba mutum auduga ya danne. Harshe na da jini sosai, saboda haka yakan ɗan zubar, amma wannan yawan jinin ne kuma ke sa shi saurin haɗewa. Kwana biyu ko uku mutum zai koma kan kunu, koko, fura da abinci mai laushi marar yaji.

Inda aka yanka yana da muhimmanci. Tsakiyar gyambo mataccen nama ne, ba ya nuna komai. Daga gefe ake ɗauka, a haɗo da ɗan lafiyayyen nama, kuma a nutsa har a taɓo tsoka, domin abin da ke bambanta TUGSE a can ƙasa yake. Yankan da ya tsaya a sama yakan dawo da sakamakon da ke cewa kumburi ne kawai, a koma gidan jiya.

A asibitocinmu da yawa, ɗan'uwan majiyyaci ake miƙa wa 'yar kwalbar ya kai ɗakin awo da kansa. In kai aka ba, duba abu uku kafin ka bar wurin. Naman ya nutse cikin ruwan fomalin, wani ruwa mai warin da ke hawa ido, ba ruwan famfo ko na gishiri ba. Sunan majiyyaci da lambar katinsa suna jikin kwalbar. Takardar da ke rakiyarta kuma an rubuta wurin da aka yanko, da tsawon lokacin da gyambon ya yi. Ka kai ranar, ka karɓi rasit, ka tambayi ranar dawowa. Sakamako kan ɗauki daga 'yan kwanaki zuwa makonni, gwargwadon asibiti.

Kafin a yi yankan, a gaya wa likita in ana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, ko ana da ciwon suga, hawan jini, sikila, ko an taɓa zubar da jini da ya ƙi tsayawa bayan cire haƙori.

An ce in ƙarfe ya taɓa ciwon daji sai ya bazu. Ba gara a bar shi ba?

Wannan magana ta hana mutane da yawa zuwa asibiti a kan lokaci, kuma ana iya gane inda ta samo asali. Mutum ya zauna da ciwo wata takwas ko shekara, sai da ya ci ƙarfinsa aka kai shi, aka yanki tsoka, bayan 'yan watanni ya rasu. Dangi suka ce yankan ne. Alhali ciwon ya riga ya bazu tun kafin a taɓa shi.

Yankar tsoka don awo ita ce hanyar da ake bi a duk duniya kafin a fara jinyar kansar baki, domin babu likitan da zai yanke wa mutum rabin harshe ko ya sa shi a na'urar ƙona kansa bai tabbatar da abin da yake jinya ba. Kansar harshe in an kama ta tana ƙarama, ana cire ta mutum ya ci gaba da magana da cin abincinsa. In ta kai wuya, labarin ya sauya.

Ga mai TUGSE kuwa akwai wani abin mamaki da likitoci suka daɗe da lura da shi: sau da yawa gyambon da ya ƙi warkewa wata da watanni, da zarar an yanki gefensa don awo sai ya kama warkewa, cikin 'yan makonni ya rufe. Ana ganin sabon yankan ne ke tayar da aikin haɗe rauni da ya tsaya. Wasu kafin su dawo karɓar sakamako ma wurin ya kusa cikewa. Duk da haka a karɓi sakamakon, a kai wa likita ya karanta.

Takardar sakamako ta ambaci CD30 da wasu ƙwayoyi da ba a saba gani ba. Abin tsoro ne?

A wasu masu wannan gyambo, cikin tarin iyosinofil ana ganin wasu manyan ƙwayoyin garkuwa masu siffa daban, waɗanda in an yi musu rini na musamman sukan nuna wata alama da ake kira CD30. Ana ganin wannan alama a wasu nau'o'in limfoma, amma ana ganinta kuma a ƙwayoyin garkuwa lafiyayyu da suka taso wa aiki. Masana na muhawara kan ko wani ɓangare na masu TUGSE suna da dangantaka da rukunin cututtukan CD30 da aka sani a fata, waɗanda yawancinsu ma ba su da tsanani.

Abin da wannan ke nufi ga majiyyaci shi ne ƙarin sa ido. Likita zai duba fata da wuya da hammata, yana iya neman a ƙara rini na musamman a kan tsokar, ko a aika ta wani ɗakin awo da ke da kayan aikin. In gyambon ya warke bai dawo ba, kuma babu komai a sauran jiki, hankali ya kwanta.

Gwajin jini ko hoto ba za su wadatar ba?

Ba za su wadatar ba. Iyosinofil ɗin a cikin mikin suka taru, a jini yawanci adadinsu daidai yake. Ana yin gwajin jini ne don a kawar da wasu abubuwa, kamar tunjere, ƙanjamau, suga da ƙarancin jini, ana kuma ɗaukar hoton ƙirji in ana zargin tarin fuka. Hoto na iya nuna girman abu da zurfinsa, amma ba ya faɗin ko mene ne.

To mene ne maganinsa?

Na farko, kawar da abin da ke gogarsa. Na biyu, haƙuri da sa ido, domin mafi yawa suna warkewa da kansu. Likita na iya ba da ruwan kurkure baki na chlorhexidine don kada wurin ya harbu, da maganin rage zafi. In ya yi taurin kai, akwai man shafawa na sitiroyid, wato maganin kwantar da kumburi, irin su triamcinolone, ko a yi allurarsa a cikin mikin. In ƙarami ne, ko ya ƙi jin duk wannan, sai a yanke shi gaba ɗaya, ƙaramin aiki ne. Ba ya bukatar na'urar ƙona cutar kansa, ba ya bukatar babbar tiyata.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda shi ne abin da ake fara miƙo wa mutum a kemis, ba ya warkar da shi. Sitiroyid kuma kada a fara shi kafin a san ko mene ne, domin yana iya kwantar da ja da zafin cutar kansa na ɗan lokaci a zaci sauƙi ne, yana kuma iya ta'azzara tarin fuka da fangas.

Akwai abin da zan iya yi a gida?

Kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri bayan cin abinci. Rage yaji, tsami da abu mai zafi sosai. Ci gaba da goge baki a hankali, da buroshi mai laushi ko asuwakin da aka tauna ya yi laushi, ba tare da taɓa mikin ba. Ajiye taba.

Abin da za a guje wa shi ne duk abin da ke ƙuna. Kanwa, alam, garin asfirin da ake dannawa a kan miki, ruwan batir da wasu ke ɗigawa a ramin haƙori, duk suna ƙona fatar baki su ƙara wa raunin faɗi. Shuɗin maganin nan na kemis kuma yana rine wurin, likita ya kasa ganin launinsa na ainihi. Bagaruwa da zuma da aka saba amfani da su wa ƙurajen baki ba su ne matsalar ba, makonnin da ake ɓatawa ana gwada su ne. Mai son ya gwada, ya riƙa ƙirga kwanaki, in mako biyu ya cika ya tafi asibiti.

Yana dawowa? Yana iya rikiɗewa ya koma kansa?

Ba a ɗauke shi cikin cututtukan da ke rikiɗewa su koma kansar baki ba. Yawanci in ya warke ya tafi ke nan, wani lokaci ya bar ɗan tabo. Kaɗan daga cikin masu shi yakan dawo musu, a wurin ko a wani wuri, musamman in ba a gyara haƙorin da ya jawo shi ba. Wanda nasa ya dawo, ko ya fito fiye da ɗaya, ko ya ƙi rufewa makonni bayan awo, a sake yankar tsoka. Sakamakon farko na yankin da aka ɗauka ne kawai, yana yiwuwa abin da ake nema yana gefen da wuƙa ba ta kai ba.

Wurin wa zan je, kuma me zan tafi da shi?

A fara da likitan haƙori a babban asibiti mafi kusa. In ana bukatar awon tsoka, sashen tiyatar baki da muƙamuƙi ake nema, ko na kunne, hanci da maƙogwaro. Asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri suna da waɗannan sassa tare da ɗakin awon tsoka. A Nijar kuma manyan asibitocin ƙasa, kamar na Yamai, ake turawa.

A tafi da duk magungunan da ake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, da haƙorin roba in ana sawa. A yi ƙoƙarin tuna lokacin da aka fara ganin gyambon, ko da ta hanyar danganta shi da wani abu ne, kamar sallah ko biki. In akwai waya mai kyamara, a riƙa ɗaukar hotonsa duk mako a wuri mai haske, daga kusurwa ɗaya, domin likita ya ga ko yana girma ko yana raguwa. Maganar taba da giya kuma a faɗa masa gaskiya, ko da sai an nemi ɗan rakiya ya ɗan fita waje tukuna.